Ajiyar Takardun Gunduma a Na'ura: Zaɓen Sabar da Tanadin Kwafi da Kuɗi Kaɗan

1. Amanar da ke hannun hakimi

Hakimi, wanda a ƙasar Sakkwato ake ce wa uban ƙasa, ba mutane kaɗai yake riƙe da su ba, har da takardunsu. A ofishinsa ake samun shaidar cinikin gona, da bayanin iyakar gonaki da burtali, da takardun rabon gado, da sunayen dagatai da masu unguwanni, da wasiƙun da ke kai da komo tsakaninsa da Majalisar Sarkin Musulmi da ƙaramar hukuma. Takarda ɗaya daga cikin waɗannan in ta ɓace, tana iya ta da rigimar da za ta raba gidaje biyu har jikoki.

Mutanen da sun san wannan. A zamanin En'e ba a yanka rasit sai an bar gindinsa a littafi, kuma jerin masu haraji yakan kasance guda a hannun malamin hakimi, guda a baitulmali. Malaman ƙasar nan ma da kwafi suka tsare littattafan Shehu Usmanu da na Abdullahin Gwandu da na Sarkin Musulmi Bello: kowane almajiri ya juya nasa, ya tafi da shi garinsu, har ya zamana gobarar gida ɗaya ba ta iya cinye littafi.

Yanzu takardu suna ƙaura daga kabad zuwa kwamfuta. Wannan ci gaba ne, amma yana tafe da hatsarinsa. Gara takan yi shekara tana cin littafi, kwamfuta kuwa takan mutu da dukan abin da ke cikinta a dare ɗaya. Wannan darasi zai bayyana yadda gunduma irin ta Jabo, da maƙwabtanta na ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, za su zaɓi na'urar ajiya, su tanadi kwafi, ba tare da kashe abin da ba su da shi ba.

2. Ma'anar sabar da rabon ta

Sabar, wadda wasu ke kira uwar garke, kwamfuta ce da ake keɓewa domin ta yi wa sauran kwamfutoci hidima. Ita ke riƙe da takardu, sauran su aiko su karɓa. A da, kowane aiki da sabar tasa: ta lissafin kuɗi dabam, ta rajistar filaye dabam, ta wasiƙu dabam. Wannan ɓarna ce, domin kowacce tana shan wuta dare da rana, alhali kuwa yawancin lokaci zaune take ba ta yin kome.

Sai masana suka gano hanyar raba na'ura ɗaya ta zama kamar na'urori da yawa. Kamfanin IBM na Amurka ya fara wannan tun cikin shekarun 1960 a manyan na'urorinsa, sa'an nan kamfanin VMware, wanda aka kafa a 1998, ya yaɗa shi a kan kwamfutocin yau da kullum.

Misalinsa kamar gida ne mai sassa. Na'urar ita ce gidan. Kowane sashe da ɗan hayarsa, watau ƙaramar kwamfutar da ba ta da jiki nata, amma tana aiki tamkar tana da shi. Akwai kuma wakilin gida, wanda ke raba wa 'yan haya wuri da ƙarfin aiki, ya hana wani leƙa ɗakin wani. Wannan wakili shi ne manhajar rabo, kuma zaɓensa shi ne kashin farko na darasin nan.

Amfanin rabo uku ne. Na ɗaya, ana sayen na'ura ɗaya maimakon huɗu. Na biyu, wutar da ake sha ta ragu. Na uku, wanda ya fi duka, ana iya kwafe ɗan haya ɗungurungum, da shi da kayansa, in gidan ya rushe a sauke shi a wani gida ya ci gaba da aiki. Aibinsa kuwa ɗaya ne, amma babba: in gidan ya faɗi, duk 'yan haya sun kwana waje lokaci guda. Saboda haka wanda ya yi rabo bai yi kwafi ba, ya ƙara wa kansa hatsari ne.

3. Tambayar da za a fara yi

Kafin a tambayi wace iri za a saya, lalle a tambayi ko ana bukatarta. Ofishin da ke da magatakarda ɗaya da kwamfuta ɗaya ba ya bukatar sabar. Abin da yake bukata faifan ajiya biyu ne na waje da tsarin kwafi mai kyau. Ga lissafi: in hoton shafi ɗaya ya ci rabin megabait, shafi 10,000 za su ci gigabait 5 kacal, faifai mai terabait 1 kuwa zai ɗauki shafi miliyan 2. Da wuya a sami gundumar da takardunta suka kai haka.

Sabar tana da amfani ne in mutane da yawa suna aiki a kan takardu ɗaya, ko in ayyuka dabam-dabam sun taru. A nan dabara ita ce haɗa kai. Gundumomi kamar Jabo da Dogon Daji da Sanyinna da Tambuwal suna iya tarayya a na'ura ɗaya da za a ajiye a sakatariyar ƙaramar hukuma, kowace gunduma da sashenta da kalmar sirrinta. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

4. Manhajojin rabo guda huɗu

*VMware ESXi.* Ita ce ta fi shahara a bankuna da manyan kamfanoni, ingancinta kuwa ba abin musu ba ne. Amma a watan Nuwamba 2023 kamfanin Broadcom ya sayi VMware, ya daina sayar da lasisin dindindin, ya mai da shi na biya shekara-shekara. A watan Fabrairu 2024 ya janye nau'in kyauta, sa'an nan ya komo da shi a watan Afrilu 2025. Nau'in kyautan kuwa ƙofar da manhajojin kwafi ke bi rufe take a cikinsa. Darasin da ke nan a fili yake: abin da wani ya ba da yau, yana iya karɓewa gobe, kuma kuɗin shekara da ake biya da dala nauyi ne ga mai samun naira.

*Hyper-V.* Ta kamfanin Microsoft ce, ta fito a 2008. Sauƙinta shi ne duk wanda ya saba da Windows ba zai sha wuyar koyonta ba. Nau'inta na kyauta mai zaman kansa ya tsaya a na 2019, wanda kamfanin zai daina yi wa gyara a watan Janairu 2029. Bayan wannan sai a sayi Windows Server, kuma ƙaramin lasisinsa 'yan haya biyu masu Windows Server kaɗai ya halatta. Ta dace da ofishin da ya riga ya mallaki lasisi na halal.

*Proxmox VE.* Wani kamfani na ƙasar Ostiriya ya fitar da ita a 2008. Kyauta ce gaba ɗaya, ba a rage kome a cikinta ba; wanda ya so ya biya kuɗin shekara domin samun taimakon kamfanin, wanda bai so ba ya yi aikinsa. Tana ɗaukar kwafi da kanta bisa lokacin da aka tsara mata, kuma tun 2020 tana da ƙanwa, Proxmox Backup Server, wadda ke ajiye abin da ya canja kaɗai, ta rage cin wuri. Tana hawa kan na'ura mai araha. Sharaɗinta shi ne a sami wanda ya san Linux ko da kaɗan ne.

*XCP-ng.* Ta fito a 2018, wani kamfanin Faransa ke kula da ita, ita ma kyauta ce. Ana sarrafa ta da wata manhaja mai suna Xen Orchestra, wadda ke da tsarin kwafi mai kyau. Sai dai cikakken nau'in da aka haɗa aka gama na kuɗi ne, na kyauta kuwa sai gwani ya haɗa da hannunsa.

Ma'aunin zaɓe huɗu ne: abin da za a biya cikin shekara biyar, ba na ranar saye kaɗai ba, ko kwafi yana cikinta ko sai an saya dabam, ko akwai wanda ya iya gyaranta a Tambuwal ko Sakkwato, da kuma ko za a iya fita daga cikinta in an so. Bisa ga waɗannan, ofishi mai ƙaramin ƙarfi Proxmox ta fi dacewa da shi, muddin akwai mai kula da ita. In kuwa wanda ke kusa Windows kaɗai ya sani, gara Hyper-V da ke da mai gyara da wadda ta fi ta amma sai an ɗauko gwani daga Abuja.

5. Wuta da zafi da ƙura

Abokan gaban na'ura a ƙasar nan uku ne. Na farko yankewar wuta. Sabar da wuta ta ɗauke mata tana cikin rubutu, takardun cikinta na iya lalacewa. Lalle a haɗa ta da batirin da zai riƙe ta, a kuma tsara ta ta kashe kanta cikin natsuwa kafin batirin ya ƙare.

A nan ne araha ke yaudara. Ana samun manyan sabar na hannu da kamfanonin Turai suka yar, ga arha ga kwarjini. Amma a yi lissafi. Na'ura mai shan wat 400, in ta kwana ta wuni, ta sha wat-awa 9,600. Ƙaramar na'ura mai shan wat 50 kuwa 1,200 za ta sha, watau kashi ɗaya cikin takwas. Wanda zai ciyar da ta farko da sola sai ya sayi faranti da batir ninki takwas. Araha ba ta ado.

Na biyu zafi. A watan Afrilu zafin ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40, zafi kuwa yana rage kwanan faifai da na batir. A zaɓi ɗaki mai rufin ɗaki da iska, nesa da bangon yamma. Na uku ƙurar hunturu, wadda ke toshe fankar na'ura. A ɗora ta bisa tebur, kada a ajiye ta a ƙasa, a riƙa busa mata iska lokaci-lokaci. Da damina kuma a tuna da tsawa, a sa a binne wayar ƙasa yadda ya kamata.

6. Ƙa'idar uku, biyu, ɗaya

Manomi mai hankali ba ya zuba iri da abinci a rumbu ɗaya. Masana ajiya suna da ƙa'ida mai kama da wannan, wadda wani Ba'amurke mai ɗaukar hoto, Peter Krogh, ya yaɗa: kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri mai nisa. Kwafi na farko shi ne wanda ake aiki da shi. Na biyu a wata na'ura ko faifai a cikin ofis, domin komowa da sauri. Na uku a wani gari.

Abubuwan da suka auku sun tabbatar da hikimar wannan. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gidajen sabar na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa. Waɗanda kwafinsu ke cikin ginin da ya ƙone sun rasa asali da kwafi tare. A Timbuktu kuwa, a watan Janairu 2013, mayaƙa sun cinna wa littattafan Cibiyar Ahmad Baba wuta, sama da 4,000 suka ƙone ko suka ɓace. Amma yawancin littattafan birnin sun tsira, domin masu su sun riga sun kwashe su a ɓoye cikin akwatunan ƙarfe zuwa Bamako.

Misali na uku ya fi kusa da gida. A ranar 27 ga Yuni 2017 wata muguwar manhaja mai suna NotPetya ta shiga kwamfutocin Maersk, babban kamfanin jiragen ruwa na Denmak. Na'urorin da ke riƙe da rajistar shiga tsarinsa suna da yawa, kowacce tana kwafar 'yar'uwarta, amma da yake duk a haɗe suke, cutar ta shafe su gaba ɗaya. Bisa labarin da mujallar Wired ta bayar a 2018, guda ɗaya ta tsira, a ofishinsu na Ghana, domin wuta ta ɗauke a can kafin cutar ta iso. Aka ɗauko faifanta aka biyo da shi ta Nijeriya zuwa Ingila, da shi aka ta da tsarin. Duk da haka sai da kamfanin ya sake ɗora manhaja a sabar 4,000 da kwamfutoci 45,000, hasararsa ta kai kusan dala miliyan 300. Abin da ya cece shi sa'a ce. Hakimi kuwa ba zai jingina takardun talakawansa ga sa'a ba: da gangan zai sa a cire kwafi ɗaya daga jikin na'ura.

Wannan ya zama wajibi saboda ɓarayin zamani, masu garkuwa da takardu. Sukan aiko da manhaja ta kulle duk abin da ke cikin na'ura da duk faifan da ke manne da ita, sa'an nan su nemi kuɗin fansa. Faifan da ke kwance a cikin akwati, hannunsu ba ya kai wa gare shi.

Hanya mafi araha ita ce faifai uku na waje, a rubuta musu lamba 1 da 2 da 3. Kowace Alhamis magatakarda ya kwafe a ɗaya, ya cire shi, a aika da shi wurin amintacce a wani gari, a komo da wanda ya fi daɗewa a can. Gundumar da ke Tambuwal tana iya ajiyewa a Kebbe, ta Kebbe ta ajiye a Tambuwal. Lalle a kulle faifan da kalmar sirri, domin in ya faɗi a hanya mai tsintuwa ya tsinci ƙarfe kawai.

7. Abubuwan da ake zaton kwafi ne

Akwai abubuwa uku da dillali zai iya kira kwafi, alhali ba su ba ne. Na ɗaya tagwayen faifai, tsarin da ake kira RAID, inda ake rubuta abu ɗaya a faifai biyu lokaci guda. Yana da amfani in faifai ɗaya ya mutu; amma abin da aka share bisa kuskure ya sharu a duka biyun nan take. Na biyu hoton ɗan haya da manhajar rabo ke ɗauka kafin a yi gyara. Yana zaune a faifai ɗaya da asalinsa, tare za su mutu. Na uku filas, da kuma tura takarda ta WhatsApp. Filas na jabu ya yi yawa a kasuwa, ga saurin ɓacewa. Wayar magatakarda kuwa tasa ce, ba ta ofis ba.

8. Ajiyar nesa ta intanet

Ana iya hayar wuri a sabar wani kamfani, a riƙa aikawa da kwafi ta intanet. Wannan yana cika sharaɗin nisa, amma a lura da abu uku. Na farko lokaci: gigabait 100 a layin da ke aika megabit 5 a daƙiƙa zai ci awa 44 da ɗoriya, ba tare da yankewa ba. Saboda haka a zaɓi takardu mafi muhimmanci a aika, sa'an nan a riƙa aika abin da ya ƙaru kaɗai.

Na biyu, layi yana yankewa. A watan Satumba 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama, har bankunan Nijeriya suka ji a jika. Ofishin da takardunsa ke nesa kaɗai, a irin wannan rana hannunsa wayam.

Na uku doka. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, ta kuma sa sharuɗɗa a kan fitar da su ƙasashen waje. Ƙa'idojin hukumar NITDA sun nemi a ajiye bayanan gwamnati a cikin ƙasa, Gwamnatin Tarayya kuma tana da kamfaninta na wannan aiki, Galaxy Backbone, wanda aka kafa a 2006. Kafin a sa hannu da kowa, a nemi shawarar ƙaramar hukuma da Majalisar Sarki.

9. Muƙabala

Malamin da ya juya littafi ba ya cewa ya gama sai ya yi muƙabala, watau ya gwada kwafinsa da asali. Haka ma a nan. Kwafin da ba a taɓa buɗewa ba, zato ne kawai. Kowane wata magatakarda ya zaɓi takarda uku ya ciro su daga kwafi, ya buɗe ya gani. Sau biyu a shekara kuma a ta da ɗan haya guda daga kwafi a wata na'ura dabam, a duba agogo a ga awa nawa aikin ya ci. A rubuta ranar da sakamakon a littafi, hakimi ya sa hannu.

10. Tsarin kashe kuɗi da rabon aiki

In kuɗi bai isa duka ba, a bi wannan jeri: faifan kwafi da farko, sa'an nan batir da sola, sa'an nan koyar da mutum biyu, ba ɗaya ba, sa'an nan na'ura daidai bukata, lasisi a ƙarshe. Yawancin mutane daga ƙasa suke farawa, su sayi babbar na'ura, kuɗi ya ƙare kafin a zo kan kwafi.

Aikin hakimi ba sanin na'ura ba ne, tsare amana ne. Ya tabbata an sayi kome da sunan ofis, ba da sunan ɗan kwangila ba. Kalmomin sirri su kasance a rubuce cikin ambulan da aka liƙe, ɗaya a wurinsa, ɗaya a wani amintaccen wuri, domin mutum yana tafiya, yana sauya aiki, yana mutuwa. In ma'aikaci ya bar aiki a canja su ran nan. Takardun asali kuma kada a ƙone su don an ɗauki hotonsu. Masu tarihi a cikinsu a nemi shawarar Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato a kan adana su.

Aikin magatakarda shi ne kwafin mako, da littafin kwafi, da muƙabalar wata, da sanar da hakimi nan da nan in wani abu ya ƙi. Ɓoye ciwo ba ya warkar da shi. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi domin tattaunawa a taron hakimai da magatakarda

1. In kwamfutar ofis ta ƙone daren yau, aikin kwana nawa zai ɓace?
2. A wane gari kwafi na uku yake, kuma a hannun wa?
3. Yaushe aka yi muƙabala ta ƙarshe, wa ya shaida?
4. In mai kula da na'ura ya yi tafiya, wa ya san kalmar sirri?
5. Nawa za a biya a shekara ta biyu da ta uku, kuma daga wane asusu?